Kawu Mai Faci, Wanda Ya Koya Mana Gudu

Daga Allah muka fito, gare Shi za mu koma, kuma Kawu ya riga mu.

Ranar Talata da asuba Allah ya karɓi ran kawuna, ƙanen mahaifiyata, a gidansa da ke unguwar Sersouf, a Tamanrasset. Kafin hantsi ƙofar gidan ta cika. Kowane gidan rasuwa ana ganin takalma a bakin tabarma, amma a nan ban da takalma har da ƙafafu. Ƙafafun roba bakwai ne jingine da bango, masu su sun kwance su don su ji daɗin zama a ƙasa. Wani Balarabe maƙwabci da ya zo gaisuwa ya tsaya da takalminsa a hannu, ya rasa inda zai ajiye shi.

Alhaji mai kanti, mutumin Maraɗi, wanda ciwon sukari ya cinye wa ƙafar dama, kuka yake yana faɗa da mamacin.

“Tsohon nan ya cuce ni,” in ji shi. “Shi ya ce in rage tumbi kafin ranar ta zo. Ga shi bai jira ni ba.”

Kusa da shi akwai Buzun ƙauyen Hirafok, mai lambu, wanda labari ya tarar a kasuwa ya kawo kayan miya. Ya ja rawaninsa har saman ido ya zauna. Direba ɗan Agadas kuwa duk wanda ya shigo sai ya kama hannunsa ya nuna masa maɗaurin ƙafarsa, ya ce, “Shekaranjiya ya ɗaure mini wannan. Shekaranjiya fa.”

Dukansu Kawu suke ce masa. Daga bakina suka ɗauka, har wasu Larabawa da Buzaye suna tsammani sunan yankansa ke nan.

Ni ina can gefe, da dogon wando da takalmi rufaffe, ƙafata ta roba tana ɗaure a jikina. Shekara biyu ke nan ban taka gidan ba. Kusa da ni kuma ga shef ɗinmu, shugaban aiki a shantiye inda muke gini, da abokan aikina huɗu, sun ji na yi rashi sun zo yi mini gaisuwa. Cikinsu babu wanda ya san ƙafa ɗaya gare ni.

Ina zaune aka ce Inna, matar Kawu, tana kirana. Na tsaya a bakin zaure, tana daga bayan ƙyaure. Ba ta yi mini faɗa ba, ba ta tambayi inda na shiga ba.

“Ka san wasiyyarsa,” ta ce. “Waɗanda ya koya wa gudu su za su ɗauke shi.”

Na ce na sani. Na koma na zauna kusa da shef. Jana'iza sai bayan azahar. A tsakanin nan na tuna abubuwan da zan rubuta yanzu, don kada su bi shi ƙasa.

Kawu faci yake yi. Rumfarsa tana bakin hanya, tsofaffin tayoyi tsibi guda, da bahon ruwa na neman huji. Da samartakarsa karen mota ne, har ranar da kamiyonsu na dakon kaya ya kife a hamada, tsakanin Arlit da iyaka, aka yanke masa ƙafar hagu ƙasa da gwiwa. Bai cika son wannan labarin ba. Wanda yake bayarwa shi ne na wansa, babban kawuna, wanda ya kawo shi Tamanrasset ya kuma rasu shekara guda bayan haɗarin. Mutanen garin nan, kamar namu, sauri suke yi da gawa, amma nasu saurin ya kusa zama gudu. Kawu ya bi su da sanduna biyu. Kafin ya isa maƙabarta ya gamu da su suna dawowa.

“Ko ƙasa tafi ɗaya ban zuba masa ba,” yakan ce. “Na tarar da kabari a jiƙe, an gama.”

Daga nan ya sassaƙa wa kansa ƙafar itace, ya yi mata tafi da taya, ya riƙa zuwa kori, busasshen rafin yashi da 'yan gari ke ce wa wad, yana gudu yana faɗuwa shi kaɗai. Kafin ya samu ta roba daga arewa ya riga ya iya. Shi ya sa duk mai ƙafa ɗaya da ya karɓa don ya koya masa gudu yakan gaya masa tun ranar farko: “Ba don ku ci tsere nake koya muku ba. Don ku ɗauki makarata ne, kuma kada ku girgiza ni, ba na son jijjiga.” Mu yi ta dariya.

Ni na zo garin nan daga ƙauyenmu na Damagaram a tsakiyar shekarun casa'in, ina lebura a wajen magina. Bango ya faɗo mini. Da na farka a gidan likita, Kawu na fara gani, yana zaune ya kwance ƙafarsa ya ɗora a cinya yana gyara mata maɗauri.

“Hagu ce,” ya ce. “Ka bi dangin uwa.”

Na juya masa baya ina kuka. Ya bar ni na yi mai isata, bai ce in yi haƙuri ba ko sau ɗaya. Watanni bayan haka, da aka aiko mini da tawa ƙafar, ya zo ɗakina ranar Jumma'a bayan sallar asuba, ya ɗauke sandunana ya miƙa wa maƙwabcina, ya ce ya ajiye su inda ba zan gani ba.

Abin da ya fara koya mini faɗuwa ne. Sati biyu a cikin yashin kori ba na komai sai faɗuwa: gaba, baya, gefe. Yakan zo ta bayana ya ture ni yana cikin ba ni labari. Na ce masa, “Kawu, ai faɗuwa na iya, ita ta kawo ni nan.” Ya ce, “Waccan faɗo maka aka yi. Wannan kai za ka faɗi.” Sai da na daina jin tsoron ƙasa sannan ya ba ni kofin shayi cike, ya ce in tsaya a kan ƙafar roba ita kaɗai. In shayi ya zube, in sake dafa wani, shi zai sha.

Bai taɓa ce mata ƙafar roba ba. Baƙuwa yake ce mata. “Kana tausayin baƙuwar nan,” yakan ce. “In ba ka ba ta aiki ba, yaushe za ta zama 'yar gida?” Gaskiyarsa ne. Duk mai ƙafa ɗaya yana saurin ɗauke nauyinsa daga baƙuwa ya mayar kan ta Allah, kuma da wannan ba a gudu. A tafiya kullum akwai ƙafa ɗaya a ƙasa. A gudu akwai ɗan lokacin da babu ko ɗaya, daga nan sai ka sauka da dukan nauyinka a kan abin da ba ka jin sa. Wannan saukar muke tsoro, dukanmu.

Maganinsa turmi ne. A lungun bayan gidansa ƙasa tana da tauri. Yakan sa Inna da 'yarsu su fito da turmi tsakar gida, su zuba gero, su kama lugude, taɓarya biyu a turmi ɗaya, wannan ta sauka waccan ta tashi. Mu kuma a lungu, kowace taɓarya ƙafa ɗaya ce. Mai ganga yake ce wa Inna.

“Mai ganga, a ƙara wuta!”

“Kai ka zo ka ƙara,” ta kan amsa daga ciki. “Geron nan ya zama gari tun ɗazu, so kake ya zama ruwa?”

Abin da ya fi ba baƙi mamaki shi ne Kawu ba ya kallonmu. Yakan zauna a kan tsohuwar taya, ya ba mu baya, ya sunkuyar da kai. Da kunne yake koyarwa. Ya ce ido yana ganin gurgu sai ya ji tausayi, kunne kuwa ba ruwansa. Cikin mutum biyar masu gudu zai ce, “Alhaji, taƙaita taku, ba kasuwa za ka ba. Direba, hannuwanka sun mutu ne? Kaɗa su. Ɗan 'yar'uwata, daina kallon ƙasa, ba ta gudu.” In ka tambaye shi yadda ya san kana kallon ƙasa, ya ce wanda ke kallon ƙasa da yatsu yake sauka.

Bayan kowane gudu sai kowa ya kwance ƙafa, Kawu ya zagaya da wani fasasshen madubin kamiyo, ka duba ƙarƙashin dungunka da kanka. In ya ga ja ko ƙuje, hutun kwana uku, ko ka yi rantsuwa ba ka jin zafi. Yana da buhun tsofaffin safa, domin dungu yana ramewa in ya sha zufa, sai a ƙara safa ɗaya ƙafar ta zauna daidai. Waɗanda aka yanke sama da gwiwa nasu salon daban: tsalle biyu a ta Allah, ɗaya a baƙuwa. Ba ya haɗa su da mu, don kada su ga kamar an bar su baya.

Buzun Hirafok rijiyar lambunsa ce ta rufta da shi. Da ya zo, Hausarsa kaɗan ce, Kawu kuma Tamahaq ɗinsa, yaren Buzayen, ba ta wuce gaisuwa da sunan shayi ba. Wata huɗu suka yi tare, da tafi da taɓarya. Ranar da Buzun ya yi gudunsa na farko daga wannan bakin lungu zuwa wancan, bai tsaya ba, ya wuce ya sha kwana. Muka jira shi har muka fara damuwa. Kawu ya ce, “Ku bar shi. Wataƙila Hirafok ya nufa.” Tun daga lokacin duk kakar ɓaure sai ya aiko da kwando.

Akwai kuma matar wani magini, mota ta taka ta. Ita ba ta damu da makara ba. Ɗanta ne ya fara tafiya, kullum sai ya nufi titi, ita kuma ba ta iya cim masa. Mijinta ya ce bai yarda namiji ya tsaya yana kallon matarsa tana gudu ba. Kawu ya ce, “Ai ni ma ban yarda ba.” Aka shigar da ita tsakar gida wurin Inna, shi ya zauna a waje, bango tsakaninsu, mijin yana zaune kusa da shi yana shan shayi. “Mai ganga, gaya mata ta daina jan ƙugu!” Haka har ta iya. Kawu bai taɓa ganin gudunta ba, amma yakan ce duk cikinmu babu mai tsabtar taku kamarta. Alhaji ya yi fushin wannan maganar har sati guda.

Yana da nasa halin. Mai taurin kai ne, kuma ba ya tambayar mutum kafin ya yi misali da shi. A wurinsa duk wanda ya iya gudu ya zama allon karatu, ana iya ɗaga shi a nuna wa na baya ko'ina, ko a kasuwa ne. Wannan ne ya haɗa mu.

Ni na iya sosai. Na kai inda in na sa dogon wando ba mai ganewa. Na samu aiki a wani sabon shantiye can ƙarshen gari, inda ba a san ni ba, ban kuma gaya wa kowa ba, don na san ba za a bar mai ƙafar roba ya hau tsani ba. Na zama cikakken mutum a wurinsu, kuma na ji daɗin hakan fiye da yadda zan iya faɗi.

Wata rana da rana tsaka sai ga Kawu a shantiye, tare da wani mutum a kan sanduna, sabon yanka, fuskarsa irin tawa ta gidan likita. Shef yana tsaye, abokan aiki suna tsaye. Kawu ya ɗaga murya yana murna:

“Ga shi can a sama! Sauko ka ɗaga wandonka ya gani.”

Na sauko. Da Hausa ya yi maganar, shef bai ji ba, amma leburori biyu 'yan ƙasarmu sun ji. Na dube shi na ce, “Tsoho, ban san abin da kake faɗi ba.”

Tsoho na ce masa. Ban ce Kawu ba.

Ya tsaya yana kallona, shi da ba ya kallon mutane. Sannan ya juya ga leburorin ya ce, “Ku yi haƙuri, tsufa ne. Na ɗauka wani ne.” Ya dafa kafaɗar mai sandunan suka tafi. Mutumin nan, na ji daga baya, ya koma ƙauyensu da sandunansa, bai ƙara zuwa kori ba. Ban san sunansa ba. Har yau ina neman wanda ya san shi.

Kunya ta hana ni komawa. Amma hanyata ta zuwa aiki na karkatar da ita ta bi ta lungun bayan gidansa, ban san dalili ba, ko kuma na sani. Bayan wata uku na dawo ɗakina na tarar da ƙunshi a bakin ƙofa. Tafin taya ne, an yanke shi daidai da ƙafata, an ƙara kauri a dunduniya. Maƙwabcina ya ce Inna ce ta aiko, da saƙo: an ji na wuce, dunduniyar ta cinye ta waje. Haka aka yi ta yi, duk bayan 'yan watanni, shekara biyu. Ina karɓa, ina sawa, ban je na yi godiya ba. Kullum ina cewa sai Jumma'a mai zuwa.

Bayan azahar aka fito da shi, aka yi masa salla a filin ƙofar gida. Masu ƙafafun nan bakwai sun ɗaura abinsu. Da aka zo ɗauka, Alhaji da Buzu da direba suka matsa gaba. Liman ya ɗaga hannu.

“Jama'a, wasiyya gaskiya ce, amma a duba. Hanya da nisa, ga gangare, ga duwatsu. In gawa ta faɗi, alhakin wa?”

“Malam, shekara nawa muna faɗuwa don kada ta faɗi yau,” in ji Alhaji. “Ka bar mu.”

“To ku uku ne. Makara kusurwa huɗu gare ta.”

Sauran huɗun, biyu sama da gwiwa aka yanke su, takunsu ba zai zo ɗaya da na kowa ba. Biyun kuma gajeru ne, ana buƙatar wanda kafaɗarsa za ta yi daidai da ta direba a gaba. Dukansu sun san wanda ke da wannan tsawon. Babu wanda ya dube ni. Daga baya Buzu ya gaya mini, da Hausarsa da ta ƙaru, cewa Kawu ne ya gargaɗe su tun ranar shantiye: kada wanda ya tona ni, ko yana raye ko bayan ransa.

Wani mai ƙafa biyu ya fara matsowa. Na fito daga sahu. Na sunkuya na naɗe wandon hagu har gwiwa, a gaban liman, a gaban shef. Na ji shef ya ce, “Ya Latif.” Ban waiga ba. Na shiga ƙarƙashin kusurwar gaba.

Farkon bai yi kyau ba. Ni da Buzu hagu, Alhaji da direba dama, kowa yana tausayin baƙuwarsa saboda nauyi, makara ta fara rangaji. Na ji mutane sun ja numfashi a bayanmu. Sai daga cikin gida, inda mata ke shirin gumbar sadaka, taɓarya ta sauka. Ta biyu ta amsa. 'Yar Kawu ce da matar maginin nan. Ba dakan sadaka suke yi ba, lugudenmu ne na lungu, da saurin da muka sani.

“Bismillah,” in ji direba.

Muka kama. Makara ta daidaita. Muka taƙaita taku, muka ɗaga kai, jama'a suka biyo mu da sassarfa, wasu har suna haki. Da muka yi nisa sautin turmi ya ɓace, amma ya riga ya shiga ƙafafunmu. A gangare numfashin Alhaji ya ƙare, ɗaya daga cikin gajerun nan ya karɓe shi ya ɗaga hannu sama don ya cike tsawon. Masu ƙafa biyu sun sa hannu a gefe don su sami lada, ba mu hana kowa ba, amma kusurwa huɗun ba su bar hannunmu ba har bakin kabari. Na zuba masa ƙasa tafi uku. Na ƙara uku don wansa.

Washegari shef ya sauke ni daga tsani, ya mai da ni kwaɓa siminti a ƙasa. Ban yi gardama ba. Ranar Jumma'a kuma ina zuwa kori, akwai mutum biyu sababbi. Ina ba su baya kamar yadda yake yi, amma kunnena bai kai nasa ba, sai in saci kallo.

Da muka dawo daga maƙabarta ranar, Inna ta sake kirana bakin zaure.

“Kun girgiza shi?”

“Da farko, Inna. Kaɗan.”

“Na ji. Na bi ku da kunne har kuka sha kwana. Kai ne kake jan hagu.”

Ta miƙo hannu ta bayan ƙyaure da wani ƙunshi. Tafin taya ne, sabon yanka, da kauri a dunduniya.

“Ranar Lahadi ya yanke shi. Ya ce wannan kada a aika, ka zo da kanka ka karɓa.”

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa, ya sa ya tarar da wansa cikin rahama. Ni kuma Allah ya sa ya yafe mini.